Allon da ya koyi yatsan Inna

A wata unguwa ta birnin Maraɗi akwai wani malamin lissafi da kimiyya wanda ɗalibansa ke kira Mushe, kamar yadda aka saba kiran malaman lakwal, mutanen gida kuwa suna ce masa Malam. Shi ne ɗan fari, saboda haka mahaifiyarsa ba ta taɓa kama sunansa ba, in tana son sa, sai ta ɗaga murya ta ce "Kai!", shi kuma ya amsa da "Na'am, Inna", ko da yana gaban baƙi, ko da furfura ta fara fito masa. Mahaifinsa mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwa. Da ya rasu bai bar gona ba, bai bar shanu ba. Abin da ya bari shi ne ƙarfen dalma guda, da gwangwanaye cike da ƙananan kusoshi da guntayen waya, da wata ɗabi'a da ta bi jinin ɗansa: in ya ga abu a rufe, hankalinsa ba ya kwanciya sai ya kwance shi ya ga cikinsa. Da rana Malam yana gaban allo da alli. Da dare kuwa, bayan ya gama duba takardun yara, yakan shiga wani ɗan ɗaki a kusurwar gida ya zauna da wayoyinsa har tsakar dare, ba don wani ya biya shi ba.

Inna mai kiwon zabi ce. Da kuɗinsu take zubin adashi, da su take yi wa jikoki ɗinkin salla, kuma da su take kare mutuncinta in biki ko suna ya taso a dangi, ba tare da ta miƙa wa kowa hannu ba. Duk mai kiwon zabi ya san halinsu. Zabuwa tana zuba ƙwai da yawa in damina ta faɗi, amma ba ta da haƙurin kwanci, don haka kaza ake sa wa ƙwan ta kwanta masa, ta kuma reni ƴan tsakin. A ƙarshen ranin 2021 cutar kaji ta ratsa unguwar, ta kwashe kajin Inna huɗu masu kwanci, ta bar zabin. Damina na ƙaratowa, ƙwai zai zo, babu mai kwanta masa. Nan ne Malam ya ce zai haɗa mata akwatin ƙyanƙyasa. Ta dube shi ta ce, "Akwati ya zama kaza?" Ya ce zai gwada.

Aikin kaza a kan ƙwai ba shi da yawa in aka lissafa shi, wuyarsa ita ce ba a fashin sa. Ana son zafi ya tsaya wajen digiri 37,5 dare da rana, ana son laima a cikin iska, ana son a riƙa juya ƙwan sau da yawa kullum, a kuma daina juyawa in saura kwana uku. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabuwa 26 zuwa 28. Malam ya samo gangar jikin wani tsohon firji, ya sa fitilu biyu masu ba da zafi, da ƴar fanka, da kwanon ruwa, da ma'aunin zafi, ya haɗa su da batir da farantin hasken rana saboda ɗaukewar kuran. Mai gadin wannan duka shi ne wani ɗan allon lantarki da bai kai tafin hannu ba, Arduino Uno. An fara ƙera Arduino a 2005 a garin Ivrea na ƙasar Italiya, a wata makarantar zane, domin ɗaliban da ba injiniyoyi ba su iya sa fitila ta kama ko inji ya juya da umarnin da suka rubuta da kansu; samfurin Uno ya fito a 2010. A tsakiyarsa akwai ƴar ƙwaƙwalwar lantarki, wato mikrokontirola, mai suna ATmega328P. Ita ce za ta riƙa tambayar ma'auni, in zafi ya sauka ta kunna fitilu, in ya hau ta kashe.

Da ya so, da ƴan makunnai uku da ƙaramin allo mai nuna lambobi sun ishe shi. Amma ya daɗe yana kwaɗayin allon taɓawa, irin wanda ke nuna launi da hoto, a kuma danna shi da yatsa ya amsa. Ya ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano saƙo, bayan mako biyu aka kawo masa shi cikin ƴar leda: gilashi mai faɗin inci 2,8 daga kusurwa zuwa kusurwa, wato tsawon kimanin milimita 58 da faɗin 43, bai kai kwalin ashana biyu ba. A daren farko ya haɗa wayoyin, ya tura umarni, allon ya kama da farin haske tas, babu rubutu, babu zane. Ya kwana uku yana sake haɗi kafin ya gane laifin. Arduino Uno da ƙarfin bolt 5 yake magana, allon kuwa 3,3 yake ji, sai an sa abin da zai rage ƙarfin a kan kowace wayar saƙo. Ya tono ƴan turjiya daga gwangwanayen mahaifinsa, ya like su da dalma bibbiyu, ya sake kunnawa. Wani jan layi ya ratsa gilashin daga hagu zuwa dama. Ya daɗe yana kallonsa kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Daga nan malamin lissafi ya sami abin da yake so. Fuskar allon ɗigo-ɗigo ce, 320 a tsawo, 240 a faɗi, jimilla 76 800, kuma kowane ɗigo yana bukatar bayit biyu kafin a faɗa masa launinsa cikin launuka 65 536. Ke nan hoto guda mai cika allon ya ci bayit 153 600. Ƴar ƙwaƙwalwar Arduino kuwa, wurin ajiyarta na aiki bayit 2 048 ne kacal, kashi ɗaya cikin 75 na hoton. Ba za ta taɓa iya riƙe abin da take nunawa ba. Dabarar ita ce allon yana da tasa ƙwaƙwalwar a manne a bayansa, mai suna ILI9341, wadda ke riƙe ɗigon da aka ba ta har sai an canza shi. Arduino sai dai ya yi ta aike: daga nan zuwa nan a shafa kore, a wuri kaza a ja layi. In aka ce a share allon gaba ɗaya, ido na iya ganin sabon launi yana saukowa kamar ana sakin labule. Saboda haka mai haɗawa yakan koyi tattali, ya goge lambar da ta canza kaɗai ya bar sauran. Malam ya ji daɗin wannan ƙunci ƙwarai, domin ya tuna masa da yadda mahaifinsa ke raba dalma guda ta yi masa mako.

Ɓangaren taɓawa shi ma wani abu ne daban, wata fata ce da aka shimfiɗa a kan gilashin, kuma iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai jin lantarkin jikin mutum, wanda wani injiniya Baturen Ingila, E. A. Johnson, ya fara bayyanawa a 1965 yana aiki a cibiyar binciken rada ta Malvern, da niyyar sauƙaƙa aikin masu kula da zirga-zirgar jiragen sama. Jikokin wannan ne ke kan wayoyin hannu tun da iPhone ta fito a 2007. Akwai kuma mai jin matsi, wanda asalinsa ke komawa ga Samuel Hurst, masanin kimiyya Ba'amurke da ya kafa kamfanin Elographics a 1971. Na Malam mai jin matsi ne, don shi ya fi araha. Shimfiɗa biyu ce, ta sama roba mai laushi, ta ƙasa gilashi, kowace an shafa mata wani sinadari mai wuce lantarki wanda ido ba ya gani, da ƙananan ɗigogi a tsakani da ke hana su haɗuwa. In aka danna, sai su taɓa juna a wuri guda. Wata ƴar na'ura, XPT2046, ta auna ƙarfin lantarki a wurin, sau ɗaya a tsaye, sau ɗaya a kwance, ta miƙa lambobi biyu, kowace tsakanin 0 da 4 095.

Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne fatar ba ta san abin da aka zana a ƙarƙashinta ba, zanen kuma bai san an taɓa shi ba. Mutum yana ganin maɓalli, ya danna, abu ya faru, ya ɗauka maɓallin ne ya yi aiki. Alhali babu maɓalli a wurin. Akwai murabba'in launi a gefe guda, akwai lambobi biyu a ɗaya gefen, kuma mai rubuta umarni ne ke ɗaura musu aure: in lamba ta farko ta faɗa tsakanin kaza da kaza, ta biyu tsakanin kaza da kaza, to a ɗauka an danna wuri kaza. Kafin haka sai an daidaita, a taɓa kusurwoyi huɗu a rubuta abin da suka bayar, domin babu allo biyu da ke ba da lamba ɗaya daidai. Nasa ya fara daga wajen 200 ya ƙare wajen 3 800. Malam ya yi wannan daidaitawa a kan teburinsa, yana zaune a kujera, fitila a kansa, da ɗan tsinken roba mai tsini da ya zo tare da allon.

Ya tsara fuskar allon yadda ta burge shi. Zafi a sama, laima a ƙasa, ɗan zanen layi mai nuna hawa da saukar zafi cikin awa shida, da maɓallai takwas jere a gefe, kowane ɗigo 30 a faɗi. Duk rubutun da Faransanci ya yi shi, bai ma tsaya tunani ba, don da shi ya yi karatun kimiyya, da shi yake koyarwa. Abokan aikinsa biyu suka zo suka gani, suka yaba, ɗaya ya ce kamar daga Turai aka kawo. Aka ɗora akwatin a rumfar Inna, allon a manne a ƙofarsa, aka jera ƙwai arba'in: talatin nata, goma na wata maƙwabciya da ta ji labari ta kawo nata a sa mata albarka.

Inna tana da tsohuwar gaba da allon taɓawa. Shekara sittin na daka da surfe da wanki sun yi wa yatsunta kanta, in hunturu ya zo kuma su bushe kamar itace, don haka wayar Malam sau da yawa ba ta amsa mata. Takan shafa, ta sake shafawa, ta miƙa masa ta ce, "Karɓi abarka, ba ta san ni ba." Sai ga shi wannan ƙaramin allo mai araha ya amsa mata tun dannawar farko, domin shi nauyin yatsa yake ji, ko farce ne, ko tsinken tsintsiya. Ta yi dariya har da tafa hannu. Malam ya nuna mata maɓallin da ke fito da yawan kwanakin da suka rage, ya ce kada ta taɓa sauran. A kwana na tara aka tura shi wani gari gyaran takardun jarrabawa.

Kwana huɗu ya yi. Da ya dawo, tun kafin ya ajiye jaka ya nufi rumfa, ya buɗe ƙofar akwatin, wani zafi ya bugi fuskarsa wanda ya san ba na kaza ba ne. A kan allon, inda ya bar 37,5, an rubuta 41,5. Da dare ya ɗauki cocila ya haska ƙwan ɗaya bayan ɗaya. Ga jijiyoyin jini sun fara shimfiɗuwa, ga ɗan baƙin ɗigo a tsakiya, amma babu mai motsi ko ɗaya cikin arba'in.

Ya ce, "Inna, me kika taɓa?"

Ta ce, "Inda ka nuna mini. Na danna, lamba ta yi ta gudu, na ce ko kwanakin ne take ƙirgawa."

"Ba ki ji zafin ya yi yawa ba?"

"Na ji. Tun washegari na sa ƙwai a fatar idona na ji ya wuce. Amma na ce kai ka yi karatun abin, ni mi na sani? Allonka bai yi ja ba, bai yi kuka ba."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Da safe ta kama zabi biyu cikin manyanta ta aika wa maƙwabciya, ba ta shawarci kowa ba, ba ta kuma sake ta da zancen ba. Wannan shirun ya fi yi wa Malam ciwo a kan faɗa.

Ya kwance allon ya koma ɗakinsa, ya bi umarnin da ya rubuta layi-layi, kuma bai sami inda na'ura ta saɓa masa ba. Ɗigo 30 a wannan allo bai kai milimita shida ba, tafin yatsan Inna kuwa ya ninka haka sau uku, don haka in ta danna maɓalli guda tana rufe uku. Shi daga sama yake kallon allon, ita kuwa a kan ƴar kujerar mata take zama, tana kallonsa daga ƙasa ta gefe, sai yatsanta ya sauka ɗan nesa da inda idonta ya nufa. Maɓallin ƙara zafi yana maƙwabtaka da na kwanaki. Mafi muni, ya rubuta cewa duk lokacin da aka ji matsi a wurin a ƙara kashi ɗaya cikin goma na digiri, Arduino kuwa yana zagayowa ya tambaya wajen sau goma a daƙiƙa. Shi yakan taɓa ya ɗauke, kamar yadda waya ta koya masa. Inna takan danna ta riƙe, ta jira ta ga abin da zai faru, kamar mai murɗa famfo. Daƙiƙa huɗu na riƙewa sun ƙara digiri huɗu. Bai sa iyaka ba, domin bai taɓa zaton wani zai nemi 41 ba. Allon bai yi ja ba kuwa, saboda a lissafinsa zafin ya yi daidai da abin da aka umarce shi.

A cikin waɗannan darare ne ya riƙa tuna rediyoyin mahaifinsa. Maɓallin rediyo yana da jiki. Ana lalubo shi cikin duhu, yana da inda yake tsayawa in an kai ƙarshe, yana yin ƙas in ya kama, kuma na ƙara murya ya fi na neman tasha girma ko ƙanƙanta, yadda hannu zai bambance su ba sai ido ya taimaka ba. Wasu mutane a wata masana'anta sun yi shekaru suna gyara waɗannan abubuwa har suka dace da hannun kowa, makaho da mai gani, wanda ya yi lakwal da wanda bai yi ba. Allon taɓawa ya share wannan gado duka, ya bar gilashi sumul, ya ce wa mai haɗawa: zana abin da kake so. Malam ya ɗauki wannan a matsayin ƴanci, bai lura cewa nauyin da masana'anta ke ɗauka ne aka sauke masa a ka ba. Girman maɓalli, da iyakarsa, da harshen da zai yi magana, da abin da zai faru in hannu ya kuskure, duk sun zama nasa. Shi kuwa da ya tashi aunawa, yatsansa ya auna, da idonsa, da Faransancinsa.

Da rani ya zagayo, ya ɗauki allon ba tare da akwati ba ya kai rumfa, ya ce, "Inna, ki taimake ni ki danna." Ta ce ba ruwanta da abin da ya ci mata ƙwai. Ya yi ta lallashi har ta yarda. Ya sa allon a daidai tsayin da zai zauna, ita a kujerarta, ya zana ɗigo a wurare dabam-dabam, tana dannawa yana rubuta lambobin a kaye. Yamma uku suka yi a haka. Daga abin da ya tara ya sake daidaita allon da hannunta. Maɓallai takwas suka koma uku, kowane ɗigo 100 a faɗi, wajen milimita 18. Ya sa na'ura ta ɗauki awo da yawa ta fitar da matsakaici kafin ta yarda an taɓa, kuma kada ta yi komi sai an ɗauke yatsa, yadda riƙewa da taɓawa za su zama abu guda. Wurin canza zafi ya ɓoye shi a inda sai an riƙe kusurwa daƙiƙa biyar, ya kuma ɗaure shi tsakanin 37 da 38,5. Ya cire zanen layin da abokansa suka yaba. A madadinsa fuskar allon gaba ɗaya ke canza launi bisa zafin gaske na cikin akwati: kore lafiya, ja zafi ya yi yawa, shuɗi sanyi, da ƴar ƙara mai tashin mai barci. Kwanaki kuwa, ya zana ƙwai 28 a jere, kullum ɗaya ya cika da fari.

Saura rubutu. Inna ta yi ajin yaƙi da jahilci tun tana da ƙuruciya, tana karanta Hausar boko a hankali, tana bin baƙaƙe da yatsa. Kalmomin da ake bukata kaɗan ne: ƙwai, ɗumi, ruwa, juya. Sai Malam ya tarar biyun farko ba su rubutuwa. Baƙaƙen da ke cikin taskar umarnin da yake amfani da ita, ta kamfanin Adafruit wanda Limor Fried ta kafa a Amurka a 2005, sun gaji jerin tsofaffin kwamfutoci ne: akwai baƙaƙen Ingilishi, akwai wasulan Faransanci masu alama a ka, akwai ma zuciya da fuska mai murmushi da alamomin karta, amma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ƴ. Baƙaƙen nan masu lanƙwasa sun daɗe a rubutun Hausa, taron masana na Bamako na 1966 ya tabbatar da irinsu, hukumomin Nijar kuma sun tsayar da ƙa'idar rubutun a 1999, amma waɗanda suka tsara jerin ba su da labarinsu. Ya gwada rubuta "kwai" haka nan. Inna ta bi shi da yatsa ta ce, "Akwai mi?"

Sai ya ɗauko kaye mai ƙananan gidaje, irin na ƴan lakwal. Kowane baƙi a wannan taska gidaje biyar ne a faɗi, bakwai a tsayi, kuma ana ajiye shi da bayit biyar, ɗaya ga kowane ginshiƙi. Ya zauna yana cike gidaje da fensir yana gogewa. Ƙ bai ba shi wuya ba, akwai fili a samansa. Ɗ ƙarami ne ya wahalar da shi, domin sandarsa tana can ƙarshen dama, babu inda lanƙwasar za ta faɗa, sai da ya matse cikin baƙin zuwa gidaje uku ya bar mata wuri. Da ya gama, ya mai da kowane ginshiƙi lamba, ya cire fuska mai murmushi da zuciya da ƴan uwansu, ya zuba nasa a gurbinsu. Baƙaƙe takwas, manya da ƙanana, bayit arba'in. Ya ce a duk abin da ya taɓa haɗawa babu wanda ya ci wuri kaɗan kamar wannan, babu kuma wanda ya sa shi zama shiru kamar lokacin da ƘWAI ya fito a gilashin, Inna ta karanta shi kai tsaye ba ta tambayi kowa ba.

A daminar 2022 aka sake jera ƙwai, talatin da shida, duk nata. Maƙwabciya ba ta kawo ba, ba a kuma tambaye ta ba. Malam ya so ya sa ƙara ta riƙa tunatar da juyi duk bayan awa huɗu. Inna ta ce ba ta bukata, za ta juya bayan kowace salla. Ya lissafa ya ga sau biyar ne, kuma masu kiwo sun fi son adadin da bai rabu biyu ba, don kada ƙwai ya kwana a gefe guda kullum. Ya bar mata maɓallin JUYA ta riƙa dannawa in ta gama, allon ya sa alama. Abu guda ya roƙe ta: in fatar idonta ta ce wani abu, allon ya ce wani, ta bi idonta, ta zare wayar fitilu.

A dare na goma sha bakwai hakan ta faru. Wajen juyin isha'i hannunta ya ture ma'aunin zafi ba ta sani ba, ya zame ya maƙale a bakin ƙofa inda iskar damina ke shiga. Ma'auni ya ce sanyi, Arduino ya bar fitilu a kunne, allon ya yi shuɗi yana ƙara. Inna ta tashi, ta ga shuɗi, ta buɗe, ta ɗauki ƙwai ta kai fatar idonta. Ta zare waya, ta bar ƙofa a ɗan buɗe, sannan ta je ta buga masa taga: "Kai! Allonka na cewa sanyi, ƙwai na cewa zafi." Ya fito da gudu ba takalmi. Ya mai da ma'aunin tsakiyar ƙwai ya ɗaure shi da waya, washegari kuma ya ƙara layi a umarninsa, cewa in fitilu suka daɗe a kunne zafi bai motsa ba, a kashe su a yi kuka. Allo ba ya nuna abin da ke cikin akwati, abin da ma'auni ya faɗa masa yake nunawa, kuma a wannan dare ba a sami wanda ya san haka kamar matar da ba ta san sunan ko ɗaya cikin na'urorin ba.

Ranar da ƙwai na 26 ya cika da fari a kan allo aka fara jin tsiwa a cikin akwati. Zuwa yammacin kwana na 28 ƴan tsaki ashirin da uku sun fito, masu zane-zanen ƙasa-ƙasa a baya, suna tuntuɓe da ɓawonsu. Inna ta kwashe su cikin ƙwarya ta shimfiɗa musu tsumma. Ba ta yaba wa Malam ba, uwa ba ta yabon ɗan fari a gabansa. Da maƙwabciya ta leƙo, ya ji ta daga ɗakinsa tana cewa, "Yaron nan ne ya gyara abin, yanzu yana jin Hausa."

Tun daga lokacin kayan wannan sha'awa sun ƙara sauƙi a hannunsa. Ya sayi ESP32, ƴar ƙwaƙwalwar da kamfanin Espressif na ƙasar Sin ya fitar a 2016, wadda wurin ajiyarta na aiki ya kai kilobayit 520, tana kuma magana da bolt 3,3 kamar allon, ba sai an rage ba. Ya gwada LVGL, taskar zane da wani injiniya ɗan ƙasar Hangari, Gábor Kiss-Vámosi, ya fara, mai kawo maɓallai da ma'aunai shiryayyu masu kyan gani, wadda kuma ke karɓar baƙaƙen da mutum ya zaɓa. Ya ga allunan Nextion da ake zana wa fuska a kwamfuta a tura musu. Duk sun rage wahalar waya da lissafi, amma babu wanda ya zo da awon yatsan wanda zai yi amfani da shi. Ɗalibai huɗu ko biyar kan zo gidansa ranar Asabar su koyi haɗi, ya kuma kafa musu sharaɗi: duk wanda ya gama aikinsa, kafin ya nuna wa Mushe, sai ya kai wa wani babba a gidansu, ya ajiye masa, ya koma gefe ya riƙe bakinsa minti biyar yana kallo. Yawancinsu kan dawo da fuska a murtuke da kaye cike da gyara.

Akwatin yana nan a rumfa, yana aiki duk damina. Malam ya sha cewa zai canza masa allo ya sa babba mai haske, don na yanzu ba ya ganuwa sosai in rana ta take, Inna ta hana. A kan maɓallin JUYA fatar roba ta dushe, ta yi wani ɗan tabo inda farcenta ke sauka sau biyar a yini, kuma tabon ba a tsakiyar maɓallin yake ba. Ya ɗan karkata ƙasa, wajen hagu, daidai inda lambobin da ke cikin kayen Malam suka ce zai kasance.